Shekarar da Na Nemo Dangin Baƙo

Kun sha faɗa a gabana, kun sha faɗa a bayan idona, cewa tafiyar da na yi Nijar ita ta cinye mini ƙafa, kuma da na ji maganar Sanusi da yanzu ina zuwa biki da suna ba tare da sanda ba. Ban musa ba. Amma yawancinku ƙafar kawai kuka sani, ba ku san abin da na je nema ba. Cikin jikokina har akwai mai tsammanin kasuwanci ne ya ja tsohuwa ta tsallaka iyaka. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta muku shi tun idona yana gani. Abin ya faro ne tun ba a haifi rabinku ba.

Gidanmu na nan Illela masaukin baƙi ne tun zamanin kakanku. Babanku Alhaji ya tashi ya tarar da haka, ya ɗora. Duk wanda ya tsallako daga Ƙonni ko Tawa da albasa ko wake ko bisashe, a zaurenmu yake sauke kaya ranar Asabar, ya ci kasuwar Lahadi, ya juya gida. Mata kuma su shigo ciki wurinmu, su shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa. Ni da na fito daga gidan malamai, inda ba a jin komai sai karatu, na daɗe kafin in saba da hayaniyar. To a shekarar babban fari, wadda aka rufe iyaka a cikinta, sai baƙin suka canja. Masu kaya suka ɗauke ƙafa, masu yunwa suka maye gurbinsu. Ta daji suke biyowa, wasu da jaki ɗaya da ƙasusuwansa suka fito, wasu da ƙwarya kawai a ka. Mu ma ba wadata gare mu ba, gero ya yi wuya har mun koma garin rogo, amma Iya, mahaifiyar Alhaji, ta hana a sauke tukunya. Takan ce a ƙara ruwa a kunun, ko ba ya riƙe ciki zai jiƙa maƙogwaro.

Ina cikin wankan jegon Sanusi, ɗana na uku, wata rana bayan azahar aka shigo da wata mata. A bakin zaure aka tsince ta zaune, ta kasa tashi. Doguwa ce, siririya, ƙafafunta duk sun tsage, da goyo a bayanta cikin wani zane da ya koɗe. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne goyon ba ya kuka. Iya ta kwance shi, ta ɗora a cinya, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo gare ni. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ɗiyar Malam take ce mini.

"Ɗiyar Malam, wanga yaro ba ciwo garai ba. Yunwa ta. Nonon uwar ya ƙahe."

Na gane inda ta dosa.

"Kin hi ni sanin hukuncin abin," in ji ta. "In kin ba shi ya sha, ya zama naki."

"Na sani, Iya."

"To a tambayi mai gida."

Aka aika zaure. Daga inda nake zaune na jiyo muryar babanku, kun san ba ya iya magana a hankali.

"Mi za a tambaye ni? Yaro na mutuwa ana biɗar izini? Ta ba shi!"

Na karɓe shi. Bai kai rabin nauyin Sanusi ba, ga shi kuwa ya girme shi da ɗan kaɗan. Da farko bai ma iya kamawa ba, sai da na matsa masa a baki, ya lasa, ya sake lasa, sannan ya kama da wani ƙarfi da ban san inda ya samo shi ba. Uwar tana kwance a tabarma tana kallonmu. Da ta ga maƙogwaronsa yana motsi, sai ta juya fuskarta ga bango, kafaɗunta suna rawa.

'Yan kwanaki ta yi tare da mu. Ta ce sunanta Cima, yaron kuma Mahamadu. Garinsu yana can cikin duwatsu, gaba da Malbaza. Mijinta mai haƙar rijiya ne, ya tsallako Nijeriya neman aiki tun cikin bai tsufa ba, shiru ba labari, abinci ya ƙare, ta ji an ce an gan shi a Illela, ta ɗauki jariri ta biyo sawu. Na tambaye ta sunan mijin don Alhaji ya sa a cigita. Sai ta rufe baki da gefen zane ta yi dariya, dariyar da na taɓa gani a fuskarta ke nan.

"Haba yaya, in faɗi sunanai da bakina?"

Ni ma na yi dariya, don ko ni ba zan faɗi na babanku ba. Na ce a bari ta ɗan samu ƙarfi, Iya za ta san yadda za ta zagaya ta ciro sunan, da na garin ma. Mun ɗauka akwai lokaci. Washegari zazzaɓi ya rufe ta. Aka kira mai allura, aka jiƙa abin da aka sani, jikin bai karɓa ba. Ta daina gane mu. Abu ɗaya kawai take faɗi, tana miƙa hannu kamar mai kiran wani daga nesa, Hassiya, Hassiya. Ta faɗa ta sake faɗa har muryar ta dushe. Da hantsi ta cika, kanta a cinyar Iya. Aka yi mata sutura da likkafanin da Iya ta ajiye wa kanta, aka kai ta makabartar bayan gari.

Alhaji ya yi cigiya iyakar ƙoƙarinsa. Ya tambayi masu haƙar rijiya, ya aika Kalmalo da Garu da Gidan Katta, ya sa aka faɗa a masallacin kasuwa. Amma wa za ka ce kana nema? Mutum ba suna, gari ba suna, ga iyaka a rufe, ga shekarar da kusan kowace unguwa ta binne baƙon da ba ta sani ba. Haka aka haƙura. Yaron ya zauna, gidan kuma ya riƙa kiransa Baƙo, har sunan yankan ya kusa ɓacewa.

Ku da ba ku gan shi ba, bari in gaya muku yadda yake. Da damina ta sauka ya murje, ya yi kumatu, har ya kamo Sanusi. Baƙi ne mai sheƙi, da manyan idanu, da wani ɗan lotsawa a kumatun hagu in ya yi dariya. Sanusi mai rigima ne tun yana cikin zane, shi kuwa Baƙo sai ya kwanta yana wasa da yatsun ƙafarsa yana jiran a gama da ɗan'uwansa. Wajen shan nono, ɓangaren hagu yake so, Sanusi dama, kamar sun yi shawara. In na goya ɗaya, Iya ta goya ɗaya. Babanku in ya shigo cin abinci sai ya ɗora su a cinya biyu, Baƙo ya kama gemunsa ya ƙi saki. Ya fara zama, ya fara rarrafe, haƙori ɗaya ya ɓullo masa a ƙasa. Sai ƙyanda ta shigo gari bayan an gama girbi. Duka biyun ta kama. Sanusi ya tashi. Baƙo kuwa ta koma masa ciki, numfashi ya yi masa wuya, ya bar shan nono, ya riƙa kallona da idanun nan. A hannuna ya tafi, rana ta ɗan ɗaga, mata suna daka a tsakar gida.

Masu zuwa gaisuwa wasu suna cewa in gode wa Allah da ba nawa aka ɗauka ba. Ba mugunta suke nufi ba, na sani. Amma ɓangaren hagun nan ya riƙa cika yana zuba har ya jiƙa mini riga, Sanusi kuma ya ƙi karɓarsa. Iya kaɗai ta gane. Ta same ni a bayan ɗaki ina kuka a ɓoye, ba ta ce in yi haƙuri ba, ta zauna kusa da ni har na gama.

Shekaru suka tafi, kusan arba'in. Na haifi sauranku, na aurar, Iya ta rasu, na buɗe ajin matan aure da kuka sani a zauren baya. Ban taɓa yin addu'ar mamatan gida ban sa Baƙo da uwarsa ba, amma ban sake tunanin neman kowa ba. Sai shekarar da babanku ya rasu. Bayan na fita takaba na sa aka yi saukar Alƙur'ani, limamin unguwa ya aiko a faɗa masa sunayen waɗanda za a yi wa addu'a. Sanusi ne ya tsaya a bakin ƙofa yana isar da maganar. Na faɗi na Iya, na kakanku, na kawo kan Mahamadu. Ya je ya dawo.

"Inna, liman ya ce Mahamadu ɗan wa?"

Nan na tuna ban taɓa sanin sunan ubansa ba.

"A ce ɗan Alhaji mana," in ji Sanusi. "Ai gidanai ya tashi."

"A'a. Yana da uba. Ba a raba ɗa da sunan ubanai."

Liman ya aiko cewa ba komai, Allah ya san shi ya san ubansa. Gaskiya ya faɗa. Amma tambayar ta zauna mini a ƙirji. Na ga kowa a gidan nan yana da wanda ake jingina shi gare shi, sai yaron nan shi kaɗai. Na kuma ga cewa Iya ta tafi, Alhaji ya tafi, saura ni. Ranar da aka ɗauke ni, ba wanda zai ƙara sanin yana da lotsawa a kumatu. Sai kuma wani tunanin da ya fi wannan nauyi ya zo mini, wanda ban san yadda aka yi na yi shekara da shekaru bai zo mini da irin wannan ƙarfi ba: can wani wuri akwai mutanen da mace ta fita da jariri ba ta koma ba, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya ce musu ga abin da ya faru.

Na fara tambaya. Sanusi ya gaji masaukin, mata suna ta zuwa kamar da. Duk yammacin Asabar sai in ɗauki kujerata in zauna cikinsu a rumfa, in bari su ci su sha, sannan in kawo zancen. Cima, daga cikin duwatsu gaba da Malbaza, matar mai haƙar rijiya, shekarar yunwa. Wasu su girgiza kai. Wasu su ce sun san wata Cima, sai a bincika a tarar tana nan da ranta tana sayar da ƙuli-ƙuli. 'Yan mata kuwa ba su ma san shekarar da nake nufi ba. Damina ta wuce a haka, har kuka fara yi mini dariya kuna cewa Inna ta buɗe ofishin cigiya. Sai wata Asabar bayan kaka, wata mai sayar da tabarmi da ake kira Hajo, wadda ba ta saba sauka wurinmu ba, ta ajiye ludayinta tun ban gama magana ba.

"Hajiya, kin ce Hassiya take kira?"

"Ita."

"A Gidan Ƙwazo, garin kakata, akwai Hassiya. Zuri'ar masu rijiya ta. Amma wagga uwarta ba mutuwa tay yi ba, gudu tay yi. Kowa ya sani. Ta ga yunwa, ta bar ɗiyar wurin kaka, ta ɗauki na goye ta bi wani mai mota Nijeriya. Har yau in anka yi faɗa da Hassiya, da shi aka yi mata gori."

Ban san lokacin da na tashi tsaye ba. Na ce, "Ƙarya ta! A cinyar uwar mijina ta cika, ni na zuba ruwan wankanta!" Hajo ta tsorata ta shiga ba ni haƙuri, na ce ba da ita nake ba. Matar da ta tako duwatsu da tsagaggun ƙafafu tana neman mijinta, ashe shekara arba'in ana zaginta a garinsu, ita kuwa tana kwance a bayan garinmu ba bakin kare kanta.

Da na gaya wa Sanusi zan je, ya ƙi. Ba laifinsa ba ne. Lokacin an sake rufe iyaka, sai ta ɓarauniyar hanya, ga labarin 'yan bindiga kullum a kunne, ga ni da hawan jini.

"Inna, a aika Hajo ta gaya musu. Ko a biɗo lambar wani a yi waya."

"Maganar da anka shekara arba'in ana faɗi, mai tabarma ce za ta goge ta? Sai sun ga idon da ya gani."

"In wani abu ya same ki, mi zan ce wa 'yan'uwana?"

"Ka ce musu na tahi kai gaisuwar mutuwa. An makara, amma ba a fasa ba."

Ya yi fushi, ya kira yayyensa a waya, kowa ya yi mini nasa faɗan. Ni dai na ɗaura kayana na shirya bin Hajo. Ranar tafiya na fito na tarar da shi a zaure, ya canjo sefa, kuɗin Nijar, ya sa hularsa, fuska a murtuke. Bai ce zai raka ni ba, jakata kawai ya ɗauka.

Muka bi ta gonaki a kan kabu-kabu, wato babur ɗin haya, har Ƙonni, muka shiga mota zuwa Malbaza, daga nan kuma aka sake hawa babur, don hanyar ba ta mota ba ce. Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Jan dutse ko'ina, gonaki a tsakanin tsakuwa, ba inuwar kirki. Ina kallo ina cewa a raina, nan ta biyo da ƙafa, da goyo, da yunwa. A wani gangare tayar babur ɗin da nake kai ta zame, muka faɗi, ƙuguna ya bugi dutse. Abin da kuka sani ke nan. Sanusi ya durƙusa a kaina yana salati, ya ce a juya. Na ce ya tambayi Hajo wanne ya fi kusa, gaba ko baya. Ta ce ga bishiyoyin garin can ana hangowa. Aka samo amalanken jaki, aka shimfiɗa mini tabarmar Hajo, a haka na shiga Gidan Ƙwazo, a kwance kamar buhun gero.

Aka kai mu gidan wani tsoho da ake kira Baffa Abdu, ƙanen mijin Cima, idonsa ya kusa tafiya. Aka jingina ni da bango a tsakar gida, aka kawo ruwa da fura. Ya sa aka kira Hassiya daga gidan mijinta. Da ta shigo gabana ya faɗi, don tsawon nan ne, wuyan nan ne, sai dai ta wuce shekarun da na san uwarta da su nesa ba kusa ba, kuma fuskarta a ɗaure take kamar wadda ta saba jiran baƙar magana. Ta gaishe ni a taƙaice ta zauna nesa. Hajo ta ce ga Hajiya daga Illela, ta zo da labarin Cima.

"Ba ni da abin ji," in ji Hassiya. "In tana da rai, Allah shi ba ta lahiya inda take. In aiko ku tay yi, ku ce kun ishe ni na girma."

Na ce, "Ɗiyata, ba ta aiko ni ba. Ta rasu tun shekarar da ta bar nan. Ba ta kai ko'ina ba, Illela ta tsaya, a gidana. Babanki taz zo biɗa."

Na ba su labarin tun daga bakin zaure. Ban rage ba, ban ƙara ba. Na faɗi ƙafafunta, na faɗi zanen, na faɗi dariyar da ta yi da na tambayi sunan mijinta. Kafin in kai rabi tsakar gidan ta cika da mata, har da tsofaffin da na tabbata da bakinsu aka yi ta yaɗa maganar mai mota. Ban kalle su ba, amma na ɗaga murya yadda ta bayan ma za ta ji. Baffa Abdu yana ta kaɗa kai hawaye na bin gemunsa. Ya ce yayansa Idi ya wuce Illela ne zuwa wajen Sakkwato a lokacin, da ya dawo da damina ya tarar ba ta nan. Bai taɓa yarda da zancen gudu ba. Duk rani sai ya tsallaka ya yi ta yawo yana duba fuskokin mata a kasuwanni, har ƙarfinsa ya ƙare ya rasu. Mai rai yake nema, bai taɓa tambayar makabarta ba.

Hassiya ba ta yi kuka ba. Tana ta kallon ƙasa tana jan layi da tsinke. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Ta yi maganata?"

"Ba ta ce mana tana da wata ɗiya ba. Amma da ciwon ya yi tsanani ta bar gane kowa, suna ɗaya take kira har ta cika. Hassiya. Ban san ko wace ce ba sai bana."

Ta ɗago ta zuba mini ido.

"Sunana? Da bakinta?"

"Da kunnena na ji. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba."

"Ni ce ta fari," ta ce. "Ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ke, take ce mini. Ke, zo nan."

Sai ta rarrafo a kan gwiwoyinta, mace mai jikoki, ta kifa kanta a cinyata, ta yi kukan da na tabbata tun tana 'yar shekara biyar take riƙe da shi. Ƙuguna yana mini zugi kamar zai tsage, ban motsa ba.

Da aka natsu na ce wa Baffa Abdu abin da ya fara tayar da ni shi ne in san yaron ɗan wa ne. Ya gyara zama, ya share fuska, ya faɗa mini a hankali yadda zan riƙe. Ku ma ku riƙe. Mahamadu ɗan Idi ne, Idi ɗan Abarshi, Abarshi ɗan Nayaya, wanda ya taso daga Gobir da dagi da igiya ya haƙa rijiyar da garin ya zauna a kanta. Dukansu masu rijiya ne. Uwarsa Cima ɗiyar Salau ce, manomi, daga tsallaken fadamar garin. Sunan mahaifin Cima aka so sa masa, kakarsa ta ce a'a, a sa na Manzo don shekarar ta yi tsanani. A ɗakin da ke bayana aka haife shi, aka nuna mini ƙofar. Ba zan ɓoye muku ba, da na ji an jera sunayen nan sai na ji daɗi da wani abu mai kama da kishi a tare. Shekara arba'in ni kaɗai ke da shi. Yanzu ga mutane cike da gida, kowa yana cewa ɗanmu.

Suka yi ta tambayata yadda yake, ina faɗa. Da na ambaci lotsawar kumatu sai matan suka yi sowa, aka turo wata jikar Hassiya gabana, aka yi mata cakulkuli, ga shi nan a kumatun hagu. Duk wannan abin Sanusi yana waje tare da maza, yana jiran a samo mai ɗori. Hassiya ta tambaye ni ko wanda ya rako ni shi ne suka sha nono tare. Na ce shi ne. Ta ce tana roƙon a shigo da shi. Ya shigo yana sunkuyar da kai, har yanzu da sauran fushin hanya a fuskarsa, ya tsuguna ya gaishe ta. Ita kuwa ta yi ta kallonsa, daga hula har takalmi, kallon da bai dace mace ta yi wa baƙon namiji ba, amma ba wanda ya hana ta.

"Ashe da yanzu ya kai haka," ta ce. "Ni kullum jariri nike ganinai a bayan innarmu. Ashe da har ya yi furfura."

Na san hukunci, ɗiyar malam ce ni. Nonon da Baƙo ya sha ya haɗa shi da ku, bai haɗa ku da Hassiya ba. Sanusi ma ya sani. Amma na ga ya cire hularsa, abin da ba ya yi a gaban kowa, ya matso kusa ya zauna a ƙasa sosai don ta ga kan da kyau.

"Duba da kyau, Yaya," ya ce. "Har da sanƙo."

Ta yi dariya tana hawaye, gidan duka ya ɗauka. A hanyar dawowa, ina kwance a bayan mota da ɗori a ƙugu, bai ce mini na yi daidai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Amma ranar Juma'ar da ta biyo, ba tare da na aike shi ba, ya je ya sami liman kafin a shiga masallaci, ya ce akwai tambayar da aka yi wa gidanmu bara, ya kawo amsa: Mahamadu ɗan Idi ne.

Wannan shi ne abin da ya kai ni Nijar. Allah ya jiƙan Cima da Idi da ɗansu, ya jiƙan Iya da babanku, mu kuma ya sa mu cika da kyau.